Kalmar "Tawaye" da 'Yan'uwanta a Cikin Labarin Sakkwato da Ƙananan Ƙasashen Gefenta

Abin da ya jawo wannan takarda tambaya ce da wani ɗalibina, mutumin Kurfi, ya yi mini a aji. Muna cikin karanta labarin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Gafarta Malam, in dai Maraɗi garin 'yan tawaye ne, kamar yadda takardar nan ta ce, yaya aka yi hakimin garinmu ya ke amsa sunan Maraɗi?" 'Yan ajin suka yi dariya, ni ma na taya su. Amma da na koma gida sai na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina. Hakimin Dutsin-Ma, maƙwabcinsa na kudu, shi ne 'Yandakan Katsina, alhali kuwa a zamanin da mu ke karantawa akwai wani 'Yandaka a can Maraɗi cikin manyan fada. Yaron bai yi kuskure ba. Kalmar da muka ba shi ce ta kasa ɗaukar abin da ya ke gani da idonsa.

Ni ba masanin tarihi ba ne, harshe na karanta. Sabo da haka ba nufina in sake ba da labarin jihadi ba, ko in yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya. Nufina in ɗauki waɗansu 'yan kalmomi da littattafanmu na Hausa da takardun da mu ke rarraba wa ɗalibai su ke amfani da su wajen wannan labari, in auna su, mu ga ko suna faɗin abin da ya faru, ko kuwa ra'ayin gefe guda su ke faɗi a cikin rigar labari.

Sai mu fara tuna irin daular da a ke magana. Daular Sakkwato ba ƙasa guda ba ce mai sarki guda da baitulmali guda. Tarayya ce ta ƙasashe wajen talatin, ko wace da sarkinta da alƙalanta da mayaƙanta, abin da ya ɗaure su kuwa shi ne mubaya'ar da suka yi wa Sarkin Musulmi. Shi ke tabbatar da naɗin sarki, shi ke raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa, a kai masa gaisuwar shekara, in ya kira yaƙi a aiko da runduna. Ƙasashen yamma suna bi ta Gwandu. Na gabas ko wace tana da ƙofarta a Sakkwato, watau babban da ta ke bi ta hannunsa, ƙofar Katsina kuwa Galadima ne. A gefen wannan tarayya akwai ƙananan ƙasashe da ba sa cikinta: Maraɗi da Tasawa, da Gobir ta Tsibiri, da Kabi ta Argungu, da Daura ta Zango, sa'an nan Abuja can kudu. Kusan dukansu gidajen sarautar da jihadi ya kora ne suka kafa su.

To, ga kalmar tawaye. A Hausa ba a cewa mutum ya yi tawaye sai in da ma yana bi. Hakimi ya kan yi wa sarki tawaye, barde ya yi wa ubangidansa. Kalmar tana goye da labari biyu, na farko biyayya, na biyu juya baya. Duk wanda ya furta ta ya riga ya shaida na farkon, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka ne ba wanda ke cewa Barno ta yi wa Sakkwato tawaye, ko da ya ke sun gwabza, kuma gardamar da Shehu Laminu ya yi da Muhammadu Bello ta wasiƙu tana nan cikin Infakul Maisuri, littafin da Bello ya gama a 1812.

Malamin nahawu zai lura da wani abu ƙarami a nan, wanda a ganina shi ne ginshiƙin maganar. Mu kan ce an yi *wa* wane tawaye, amma mu ce an yi gaba *da* wane. Wannan *wa* tana tafiya hanya ɗaya ne, daga ƙasa zuwa bisa ko daga bisa zuwa ƙasa: a kai wa sarki gaisuwa, a yi masa caffa, shi kuma ya yi wa talaka afuwa ko horo. Ita kuwa *da* tana zaunar da mutum biyu a tabarma ɗaya: a yi yaƙi da wane, a yi ciniki da shi, a yi sulhu da shi, a zauna lafiya da shi. Marubucin da ya zaɓi suna mai tafiya da *wa* ya riga ya faɗi wane ne babba tun bai kawo hujja ko guda ba. Ɗalibi kuwa ba ya jin an yi masa gardama balle ya mai da martani, nahawu kawai ya haɗiye.

Bari mu gwada wannan ma'auni a kan Maraɗi. A 1807 masu jihadi suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya gaji abin da ya rage, ya yi zaman gudun hijira a Damagaram, sa'an nan wajen 1819 ya sauka a Maraɗi. Bai kai caffa Sakkwato ba. Magajinsa Rauda a fagen fama ya mutu, a Gawakuke cikin 1836, ran da Sarkin Musulmi Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta fiye da shekara ashirin har zuwa 1875, ya ƙare zamaninsa yana kai hari cikin ƙasar Katsina da gaba da ita. A ina a cikin wannan jeri za mu sami biyayyar da kalmar tawaye ke bukata? Babu. Kuma waɗannan sarakuna ba Sarkin Maraɗi su ke kiran kansu ba, Sarkin Katsina su ke, kamar yadda na Abuja ya ke Sarkin Zazzau, na Argungu Sarkin Kabi, na Tsibiri Sarkin Gobir. A bakin maroƙan fadarsu, wanda ke zaune a birnin Katsina shi ne ya zo daga baya. Ban ce a karɓi wannan a jefar da wancan ba. Cewa na yi akwai da'awa biyu a kan suna ɗaya, kalmarmu kuwa ta binne guda.

Nan ne amsar ɗalibina ta ke. Maraɗi sarauta ce ta tsohuwar Katsina tun kafin jihadi, garin ma daga sarautar ya sami suna. Haka 'Yandaka, da Ƙaura, da Durɓi, da Galadima. Da gidan ya rabu biyu, ko wane ɓangare ya riƙe kayan gidan. A Maraɗi waɗannan huɗu, Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yandaka, su ne rukunin masu naɗa sarki, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a cikin nazarinsa na 1967 a kan zamanin Ɗan Baskore. A birnin Katsina ma sababbin masu mulki ba su zubar da sunayen ba, rarraba su suka yi wa nasu. Shehu Usmanu tuta uku ya bayar a ƙasar Katsina, ta Ummarun Dallaje da ta Ummarun Dumyawa da ta Na Alhaji, kuma gidan Na Alhaji ne ya riƙe sarautar 'Yandaka. Ashe Katsina biyu aka samu masu harshen mulki ɗaya, suna gaba da juna, ɗaya a cikin tarayya ɗaya a waje.

Kada mai karatu ya ɗauka ina so a kori kalmar tawaye daga littafi. Tana da wurinta, wurin nan kuwa yana bayan gidan mutanen Kurfi da Dutsin-Ma. A farkon shekarun 1840 garuruwan ƙasar Ruma, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Katsina na birni, suka juya suka bi Ɗan Mari na Maraɗi. Wannan kam tawaye ne bisa ga ma'anar kalmar, gama akwai biyayya a baya. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe shi da hannu mai nauyi ƙwarai, garuruwa suka watse, gonaki suka koma daji, dajin nan da ke yamma da Dutsin-Ma wanda a yau a ke kira Rugu. Abin mamaki kuwa, a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu, shi kuma daga baya ya koma wajen mutanen Maraɗi ya haɗa kai da su a kan Katsina. In ana neman wanda rigar tawaye ta yi wa daidai ba sai an rage ta ba, ga shi nan, ɗan Ummarun Dallaje ne, ɗan mai tuta. Amma a takardun ajinmu da wuya a kira shi da wannan suna. An riga an raba kalmar ga mutanen arewa tun a shafin farko, ba a bar ragowa ba.

Laifi mafi girma na wannan irin rubutu, a ganina, ba rashin adalci ga sarakunan Maraɗi ba ne. Su sarakuna ne, suna da maroƙansu. Laifin shi ne labarin ya zama na fada biyu, mutanen da ke tsakani suka ɓace. Bajamushen nan Barth, wanda a ka sani da Abdulkarimu, ya bar Katsina cikin Maris 1853 zai tafi wajen Sarkin Musulmi, tare da ayarin Galadiman Sakkwato wanda ya zo karɓar gaisuwa. Ba su iya miƙewa yamma sosai ba don tsoron hari, sai suka karkato kudu ta Kuraye da Kurfi da Zakka. Abin da ya ba shi mamaki a Kurfi shi ne tsaron garin, ganuwa bayan ganuwa da gwalalo bayan gwalalo, har ya zana fasalinsu a littafinsa, ya kuma ce mutanen garuruwan da yaƙi ya ci ne suka taru a ciki. Wa ya haƙa wannan gwalalo? Ba Sarkin Musulmi ba, ba kuwa Ɗan Baskore ba. Manomi ne wanda ke biyan kuɗin ƙasa ga wannan gefe, ya kuma kwana da fargabar dawakin wancan. Har ƙarshen ƙarnin, zamanin Ƙaura Hasau, wannan fargaba ba ta kwanta ba. Ba mu da kalma guda a littattafanmu da ke nuna matsayin irin wannan mutum. In ya bi birni mu ce talaka, in ya bi Maraɗi mu ce ɗan tawaye, in an kama shi a hari ya zama bawa, sai ya fita daga labarin gaba ɗaya.

Shi wannan Barth ɗin, shekara biyu kafin haka, a farkon 1851, ta Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina, cikin ayarin gishiri na Abzinawa. Watau iyakar da mu ke koya wa yara kamar bango ce, raƙuma na ƙetare ta da kaya ko wace shekara. Ciniki kalma ce mai tafiya da *da*, shi ya sa ba ta cika samun wuri a babin tawaye ba.

Kalmar Haɓe ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Fillanci ce, jam'in kaɗo, ma'anarta wanda ba Bafillace ba. Suna ne da wani ya sa wa wani. Turawa suka ɗauka suka mai da ita kamar sunan kabila, mu kuma muka karɓa daga hannunsu. Illarta ita ce ta kan sa ɗalibi ya zaci yaƙin na Fulani da Hausawa ne, alhali Hausawa sun cika rundunar masu jihadi tun daga farko.

Amana ta fi wuya, ta kuma fi daɗin bincike. Larabci yana da kalma biyu daga tushe ɗaya. Akwai *aman*, watau kariyar da mai ƙarfi ke ba wanda ba ya cikin jama'arsa bisa sharaɗi, akwai kuma *amana*, abin da a ka ba ka ajiya. Hausa ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Sakamakon haka, jama'ar da ta karɓi amana tana biyan jiziya, in ta ga sharaɗin ya yi mata nauyi ta janye, ba mu da abin cewa sai ta ci amana. Cin amana kuwa a kunnen Bahaushe ba warware yarjejeniya ba ne, mugun hali ne, irin na wanda a ka ba ajiya ya cinye. Da haka maganar siyasa ta koma maganar tarbiyya, mai ƙaramin ƙarfi kuma kullum shi ne marar kirki. Irin wannan zama na ba ciki ba waje ba a ƙasar Hausa kaɗai a ka san shi ba. Mutanen Nowe sun ƙi shiga tarayyar ƙasashen Turai sau biyu ta hanyar ƙuri'a, a 1972 da 1994, duk da haka tun 1994 suna bin dokokin kasuwar tarayyar, suna biyan kuɗi, ba su da ƙuri'a a inda a ke yin dokokin. Da za su ce sun gaji, ba mai cewa halinsu ne ya ɓaci.

Akwai kalma ɗaya da mutanen da suka ga zamanin suka bar mana wadda ta fi namu adalci. Kabawa sun yi biyayya bayan 1831, Yakubu Nabame ya tayar a 1849 (nan ma tawaye ta dace), a ka yi ta yaƙi har wajen 1867, sa'ad da a ka ƙulla zaman da ya kai kamar shekara takwas tsakanin Sakkwato da Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Sunan da a ka ba wannan zama shi ne Lafiyar Toga. Ba a ce caffar Toga ba, ba a ce amanar Toga ba. Lafiya da wani a ke zaunawa, kuma sunan ƙaramin a ka laƙaba mata, ba na babban ba.

Yanzu sai in yi wa littattafan adalci. Muhammadu Bello yana cikin yaƙi ya yi rubutu, yana kare hujjar jama'arsa, ba wanda zai nemi ya yi magana da bakin Gobirawa. Tarihin Fulani na Waziri Junaidu daga taskar gidan waziri ya fito, kuma darajarsa ke nan, yana nuna mana yadda a ke ganin duniya daga Sakkwato. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ofishin fassara na Zariya ya fitar a 1932 da 1933, mafi yawansa daga rubutun Larabci na malamai a ka juyo shi, da kalmomin malaman a ciki. Ba su ɓoye inda su ke tsaye ba. Mu ne masu laifi, da muka kwashe kalmominsu muka zuba a takardun jarrabawa kamar ba na kowa ba ne. Kuma ba don babu wata murya ba. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin Abuja daga cikin Abuja, an fassara shi da Turanci a 1952, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, ya bi ƙasar gari gari, ya ƙi yarda a taƙaita labarin a kan Fulani da Haɓe. Sai dai da Turanci ya rubuta, malamin da zai koyar da Hausa kuwa in ya zo fassarawa tsofaffin kalmomin nan ne a kusa da hannunsa.

Wani zai ce wannan duk wasan malaman nahawu ne. To, a duba taswira. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 an ja layi daga Sayi zuwa Barruwa, da sharaɗin cewa duk abin da ke na daular Sakkwato ya faɗa rabon Ingilishi. Daga nan tambayar wane ne ke bin Sakkwato, wane ne ba ya bi, ta zama tambayar iyakar ƙasa. An sake layin a 1898 da 1904 da 1906, Tilho da O'Shee suka kafa alamu tsakanin 1906 da 1908, Maraɗi da Tsibiri da Tasawa suka zauna a hannun Faransa. Da a ce Maraɗi lardin Sakkwato ce mai tawaye, da hujjar Ingilishi a kanta ta yi ƙarfi. A wannan shekara ta 1906 kuma Turawa suka mai da gidan Zango kan gadon Daura, waɗanda jiya ke bakin daji suka wayi gari su ne masu birni.

Maganar ba ta mutu ba. A ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja (birnin da ya ari sunan waccan ƙaramar ƙasar gefe, tsohon garin ya koma Suleja), suka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, a ka kuma yi barazanar yaƙi. Cikin jakadun da a ka aika Yamai a watan Agusta har da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Ba na cewa wannan da wancan abu ɗaya ne. Nijar tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1975, ta sa hannu a dokokinta, Maraɗi ta Ɗan Kasawa kuwa ba ta taɓa shiga ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kalmar da gidajen rediyo suka yi ta maimaitawa, an ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Ga *wa* ta sake dawowa. Takunkumi kuwa abin da a ke ɗaura wa dabba a baki ne don kada ta ci shuka. Kalmar ta faɗi wane ne makiyayi, wane ne abin kiwo, amma ba ta faɗi bakin wa ya ɗauru ba. Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta tsaya, mai kai hatsi da mai sayo dabbobi a gefen nan namu suka zauna tare da takwarorinsu na can, har a ka janye matakin ran 24 ga Fabrairu 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ba da sanarwar fita a Janairun wannan shekara, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025.

A jarrabawar da ta biyo bayan tambayar ɗalibin nan na sauya jimla guda. A da muna cewa a kawo dalilan da suka sa Maraɗi ta yi wa Sakkwato tawaye. Na mai da ita a bayyana gabar Katsinar birni da Katsinar Maraɗi, da abin da ta jawo wa garuruwan da ke tsakaninsu. Amsoshin suka fi tsawo, suka fi wuyar dubawa, waɗansu ma suka rikice, gama tsohuwar tambayar tana ɗauke da rabin amsarta, sabuwar kuwa ba ta ɗauke da kome. Malamin da ke da takarda ɗari biyu a gabansa zai ji wannan a jikinsa, ban kuwa raina uzurinsa ba. Shi mutumin Kurfi ya cika shafi biyu da abin da kakarsa ta gaya masa a kan tsohuwar ganuwa. A ƙasan takardar ya tambaya ko mutanen Ruma *wa* za a sa musu ko *da*. Na rubuta masa da jan alƙalami cewa a nan ya bar *wa*, amma ya faɗi abin da Siddiƙu ya yi musu bayan haka, da inda shi Siddiƙun ya ƙare.